Adalcin Ragi Da Adalcin Ƙari: Darasi Ga Makarantun Rano Da Kibiya

A lokacin hunturun da ya wuce, wani tsohon abokin karatuna da ke shugabantar wata ƙaramar sakandare ta je-ka-ka-dawo a ƙasar Rano ya gayyace ni bikin gasar wasanni ta ƙarshen zango. Makarantar irin wadda muka saba gani ce a karkara: maza da mata a haraba guda, kowa da ajinsa, fili ɗaya babu katanga, awaki na ratsawa ta tsakiyarsa. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an zaunar da mu manyan baƙi a inuwa. Yara maza suka yi tsere, suka yi langa, suka buga ƙwallo har ƙura ta turnuƙe. 'Yan mata kuwa, bayan faretin buɗe taro, aikinsu bai wuce rarraba mana ruwan leda da tafa wa maza ba. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin haka na taso na gani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani yaro da na hango can gefen fili, ya jingina da kekensa, takalmin ƙwallo rataye a wuyansa, yana kallon wasan kamar wanda aka hana gadon ubansa.

Da muka keɓe bayan taro sai na tambayi abokin nawa labarin yaron. Ya yi ajiyar zuciya ya ce: "Mutumina, ai wannan yana cikin waɗanda na sallama, kuma wallahi ba da son raina ba." Ya bayyana mini cewa wata ƙungiyar agaji ce ta ba makarantar kayan wasa da 'yan kuɗi, bisa sharaɗin yawan 'yan mata a jerin 'yan wasa ya zo daidai da na maza. Yaran da ke zuwa atisaye da yamma sun haura 40, ciki har da masu tuƙo keke daga ƙauyuka masu nisa, amma 'yan matan da iyayensu suka amince su fito fili ba su cika 10 ba. Da lokacin aika rahoto ya ƙarato, sai ya zaftare maza ya bar 18, sannan ya buɗe rajistar aji ya cike gurbin mata da sunayen waɗanda ba su taɓa taɓa ƙwallo ba. Takarda ta daidaita, kowa ya sa hannu, masu agaji suka yaba. A zahiri kuwa babu yarinyar da ta ƙaru da wasan minti ɗaya, kuma yara maza fiye da 20 sun rasa abin da ke hana su zaman banza da yamma.

Na san mai karatu zai iya cewa ga irinta nan, abin da ke faruwa ke nan duk lokacin da aka kwaso tsarin Turawa aka jibge mana. Ina roƙon a ɗan dakata da yanke hukunci. Abin da ya faru a wannan makaranta yana da tarihi na fiye da shekara 50 a Amurka, kuma idan muka karanta tarihin da idon basira za mu ga cewa shi kansa ƙudurin a bai wa mata haƙƙinsu ya yi amfani mai yawa, ɓarnar ta fito ne daga hanyar da masu riƙe da lalita suka zaɓa wajen cika shi. Gani ga wane, in ji magabata, ya isa wane tsoron Allah.

A ranar 23 ga Yunin 1972 Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan wata dokar ilimi mai ɗauke da sashen da Amurkawa ke kira Title IX, wato Babi na Tara. Jimla ɗaya ce mai kalmomi 37, kuma ko sau ɗaya ba ta ambaci wasanni ba. Abin da ta ƙunsa shi ne duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya ba ta da ikon ware wani ko tauye shi a harkokinta saboda kasancewarsa namiji ko mace. Cikin waɗanda suka yi tsayin daka a kanta akwai 'yar majalisa Patsy Mink da Sanata Birch Bayh. Ba a daɗe ba masu harkar wasannin jami'o'i suka farga cewa dokar ta shafe su, har a 1974 Sanata John Tower na Jihar Texas ya nemi a cire wasannin da ke kawo kuɗi daga cikinta, amma bai yi nasara ba. A 1979 gwamnati ta fitar da hanyoyi uku da jami'a za ta iya bi ta nuna ta cika sharaɗi. Ta farko, kason mata a cikin 'yan wasa ya yi kusan daidai da kasonsu a cikin ɗalibai. Ta biyu, jami'ar ta nuna cewa tana ci gaba da faɗaɗa wa mata dama shekara bayan shekara. Ta uku, ta nuna cewa ta biya buƙatar duk matan da ke da sha'awa da iyawa.

Babu mai gardama a kan alherin da dokar ta haifar. Lokacin da aka kafa ta, 'yan matan da ke wasanni a sakandaren Amurka ba su kai 300,000 ba, daga baya suka haura miliyan 3. A jami'o'i kuwa adadin ya tashi daga kimanin 30,000 zuwa fiye da 200,000. Hasali ma mu kanmu mun ci moriyarta, domin guraben tallafin karatu da ta tilasta a buɗe wa mata sun kai ga 'ya'yan Afirka. Nawal El Moutawakel ta Maroko, wadda ta ci zinare a gasar Olamfik ta 1984, ɗalibar Jami'ar Iowa State ce. Mary Onyali ta yi karatu a Texas Southern. Tobi Amusan, wadda ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita 100 da daƙiƙa 12.12 a 2022, ta biyo ta Jami'ar Texas da ke El Paso.

To ina matsalar take? Tana cikin wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa, wanda ya fi kama da zari-ruga fiye da ƙwallon da muka sani. Wasa ne na maza zalla, mai cin mutane da kuɗi, kuma shi ne idon jami'o'in, har filin Jami'ar Michigan yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ƙayyade yawan waɗanda kowace babbar jami'a za ta iya ɗaukar nauyin karatunsu saboda wannan wasa: 105 a 1973, sannan 95 a 1978, sannan 85 daga 1994. Bayan waɗannan akwai wani rukuni da zan kira 'yan sa-kai, wato ɗaliban da babu wanda ya je gidansu neman su, ba a biya musu ko sisin kwabo, su ne ke kai kansu wurin koci su nemi a gwada su. Suna shan wahalar atisaye daidai da kowa, da yawansu har su gama jami'a ba a saka su a wasa ba. Kafin 2025, da su ne ƙungiya kan kai mutum 120, wasu jami'o'in irin su Nebraska har su doshi 150. Daga cikinsu aka samu Baker Mayfield, wanda ya fara a matsayin ɗan sa-kai, ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2017, da Stetson Bennett, wanda ya jagoranci Jami'ar Georgia ta ɗauki kofin ƙasa a kakar 2021 da ta 2022.

Yanzu mai karatu ya yi lissafin da kansa. Mata sun fi rabin ɗaliban jami'o'in Amurka, kuma da wuya a samu wani wasan mata guda da ke ɗaukar mutum 120. Jami'ar da ta zaɓi hanya ta farko, wadda lauyoyi suka fi so saboda da alƙaluma ake tabbatar da ita, tana da zaɓi uku a gabanta: ta kashe kuɗi ta buɗe wa mata sababbin ƙungiyoyi, ko ta rage ƙibar ƙwallon maza, ko kuma ta datse ƙananan wasannin maza. Shari'ar da Amy Cohen da abokan karatunta suka shigar a kan Jami'ar Brown a 1992, bayan jami'ar ta janye tallafi daga wasu ƙungiyoyi, ta ƙare da nasarar ɗalibai matan, kuma ta nuna wa sauran jami'o'i cewa kotu ba za ta ɗaga musu ƙafa ba. Wasu suka yi abin da ya dace, suka buɗe ƙwallon ƙafa irin namu da tseren kwale-kwale ga mata. Wasu da dama kuwa suka bi hanya mai arha. Aka rufe ƙungiyoyin kokawa da na alkafura na maza a jami'o'i masu yawa, aka sa wa kociyoyin maza iyakar da ba za su wuce ba, wadda ke nufin korar 'yan sa-kai, aka kuma umarci kociyoyin mata su cika jerinsu ko ta halin ƙaƙa. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda wasu jami'o'i ke rubuta sunayen matan da ba su taɓa fita tsere ba, wasu ma suna ƙirga mazan da ke taya ƙungiyar mata atisaye a matsayin mata. Abokina na ƙasar Rano bai taɓa jin wannan labari ba, amma dabarar da ya yi ita ce tasu sak.

Abin lura a nan shi ne wanda aka sadaukar. Ƙungiyar ƙwararru ta wannan wasa a Amurka tana tafiyar da kakarta da mutum 53 a babban jerinta, amma jami'o'i suka dage cewa sai da ninkin haka. Akwai kociyoyin da albashinsu ya haura dala miliyan 10 a shekara. A 2023 Jami'ar Texas A&M ta amince ta biya kocinta Jimbo Fisher fiye da dala miliyan 75 domin kawai ta sallame shi. Manyan ƙungiyoyi kan kwana a otal a daren da za su yi wasa ko da a cikin garinsu ne. Duk wannan ba a taɓa shi ba, sai aka juya kan ɗan kokawa da ɗan sa-kai aka ce musu mata ne suka cinye gurbinsu. An bar jaki ana dukan taiki.

Gaskiyar lamarin ta ƙara fitowa fili a 2025. A watan Yunin shekarar mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhu a shari'ar da ɗan ninƙaya Grant House da wasu suka shigar a kan NCAA. Sulhun ya tanadi biyan tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8, ya kuma halatta wa kowace jami'a raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. A cikinsa aka soke iyakar 85 ta masu tallafin karatu, aka maye gurbinta da iyakar mutum 105 ga ƙungiya baki ɗaya a jami'o'in da suka shiga tsarin. Sai da mai shari'ar ta matsa kafin aka amince cewa waɗanda suke cikin ƙungiyoyin a lokacin za a iya barin su su kammala ba tare da an ƙirga su ba. Ma'ana, ƙofar ɗan sa-kai ta tsuke fiye da kowane lokaci a baya, kuma wannan karon lissafin rabon kuɗi ne ya tsuke ta, babu hannun Babi na Tara a ciki.

Mu dawo gida. Babu doka irin wannan a makarantun Najeriya, duk da cewa sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda jinsi, kuma manufar ƙasa kan jinsi ta 2006 ta sa burin kashi 35 cikin 100 ga mata a muƙamai. Amma ƙirgar kawuna ta riga ta shigo mana ta ƙofar masu ba da tallafi, kuma za ta ƙaru. A 2019 Jihar Kano ta ayyana ilimi kyauta kuma dole. A 2020 Bankin Duniya ya amince da shirin AGILE na dala miliyan 500 domin ilimin 'yan mata, Kano na cikin jihohi bakwai na farko. A 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Idan waɗannan suka yi tasirin da muke fata, 'yan matan Rurum da Saji da Lausu, da na Tarai da Fammar da Durba, za su ƙara yawa a azuzuwa, kuma tambayar wa ke da fili, wa ke da ƙwallo, wa ke da malamin wasanni za ta taso ko muna so ko ba ma so. Gara mu amsa ta da kanmu tun kafin wani ya rubuto mana amsar a takardar yarjejeniya.

Mu 'yan bokon Arewa mu ne bai kamata mu yi wa maganar ware gurbi kallon baƙon abu ba. Tsarin shiga jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 ga cancanta, kashi 35 ga yankin da jami'a take, da kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, kuma Kano na cikin waɗannan jihohi. Da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyi da lauyoyin da ke karanta wannan shafi ta wannan ƙofa suka shiga, suka kuma nuna cewa dama kawai suke jira. Mun san kuma ɗacin abin idan aka mai da shi cike takarda, inda ake rubuta sunan jiha a ba wanda bai taɓa taka ta ba. Wanda ya ci moriyar irin wannan tsari, ya kuma ga yadda ake ha'intarsa, shi ya fi cancanta ya gane hujjar 'yar Kibiya, ya kuma gane kukan yaron nan mai keke.

Akwai uzurori uku da nakan ji, kuma kowanne ya cancanci amsa. Na farko shi ne addini da al'ada. Ni ma uba ne, ba zan yarda 'yata ta fito fili marar katanga tana tsalle a gaban 'yan acaɓa da masu zaman majalisa ba, kuma iyayen da suka hana 'ya'yansu a makarantar abokina ba su yi laifi ba. Sai dai wannan hujja ce ta gina katanga da ɗaukar malamai mata. Malamanmu sun san ruwayar tseren da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Maganar sutura ma ta sauƙaƙa, domin hukumomin ƙwallon ƙafa na duniya sun halatta hijabi a 2014, na ƙwallon kwando a 2017, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya da hijabinta.

Uzuri na biyu shi ne wai 'yan mata ba su da sha'awa. Wanda ya taɓa zama a dandali da farin wata ya ga yadda ake gaɗa da 'yar gala-gala har dare ya raba, ba zai faɗi haka ba. Muna barin su su yi ta guje-guje har su kai shekara 11 ko 12, sannan mu rufe musu kowace ƙofa, daga baya mu dawo mu ce ba sa so. Yarinyar da ba ta taɓa ganin ragar ƙwallon raga ba, ta yaya za a auna sha'awarta a kai? Uzuri na uku shi ne 'yar karkara ta riga ta gaji da daka da ɗiban ruwa da talla da tsintar shinkafa a gonakin da ruwan Tiga ke shayarwa, ba ta buƙatar wani motsa jiki. Gaskiya ne tana wahala, amma wahala daban, wasa daban. A fili ne yaro ke koyon bin doka da jagoranci da haƙuri da shan kaye, kuma sau da yawa fili ne ke sa shi ɗokin zuwa makaranta. Ga 'yan matan cikin gari da na makarantun kwana kuwa, ƙarancin motsi matsala ce ta lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 60 kullum ga yara daga shekara 5 zuwa 17, kuma binciken da ta fitar a 2019 ya nuna kashi 85 cikin 100 na 'yan mata matasa a duniya ba sa samun hakan, a kan kashi 78 na maza. Bugu da ƙari, mu ne muke cewa mace ce ya kamata ta caje mace a filin jirgi da gidan yari da ofishin 'yan sanda, alhali duk waɗannan ayyuka na ɗamara sai an gwada ƙarfin jiki kafin a ɗauki mutum.

Idan muka duba matakin ƙasa, abin ya fi ban takaici. A watan Yulin 2025 ƙungiyar Super Falcons ta farke ci 2 ta doke Maroko da ci 3 da 2 a Rabat, ta ɗauki kofin Afirka karo na 10. Ƙungiyar kwando ta D'Tigress ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Olamfik ta Paris a 2024, abin da babu wata ƙungiyar kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi. Mai karatu ya ɗauko jerin sunayensu ya ƙirga 'yan Arewa maso Yamma, ba zai gaji da ƙirga ba. Ba dole ba ne burinmu ya zama kofin Afirka, amma yanki mai yawan jama'a kamar namu bai kamata ya zama ɗan kallo ba.

Haka kuma ba zan yarda a gina wannan gyara a kan wuyan yaro mai keke ba. A wurinmu kusan kowane ɗan ƙwallo ɗan sa-kai ne. Ba mu da tsarin da ke bin ƙauyuka yana zaƙulo masu baiwa, yaro ne ke kai kansa fili, ya yi ta naci har wani ya gan shi. Ta irin wannan buɗaɗɗiyar ƙofa da gasannin matasa kamar Kofin Ramat da ake yi a Kano ake samun waɗanda ke cika ƙungiyoyinmu, har Kano Pillars ta ɗauki kofin lig sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Yaron da aka kora daga fili da ƙarfe 4 na yamma ba gida zai koma ya ɗauki littafi ba. Mun san inda da yawansu ke ƙarewa, mun san abin da ƙwaya da daba suka yi wa unguwanninmu. Kuma duk yaron da aka ce masa mata ne suka sa aka kore shi, an shuka masa ƙiyayyar karatun ƙannensa mata, ita ce kuma zai girma da ita har ya zama uba.

Saboda haka ga shawarwarina ga Ma'aikatar Ilimi ta jiha, da Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya, da majalisun ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, da su kansu masu ba da agaji.

Na ɗaya, a daina auna adalci da tsawon jerin sunaye. A riƙa tambayar 'yan mata nawa suka fito wasa a wannan mako, sau nawa, wace malama ce ta kula da su, kuma sufeto ya je ya gani da idonsa ba tare da sanarwa ba. Makarantar da ta tashi daga yarinya 8 zuwa 20 na gaskiya ta fi wadda ta rubuta 50 na bogi.

Na biyu, a rubuta ƙarara a kowace yarjejeniya cewa rage maza ba ya cikin hanyoyin cika sharaɗi. A ɗauki hanya ta biyu daga cikin ukun nan na Amurka, wato ci gaba shekara bayan shekara, a ba kowace makaranta wa'adi na shekara 3 zuwa 5. Yaran da suka yi wa ƙungiyar farko yawa a kafa musu ta biyu da ta uku, domin ƙwallo ɗaya na isar yara 22.

Na uku, a fara da katanga da malama. Filin ƙwallon raga mita 18 ne da mita 9, na ƙwallon hannu mita 40 da 20, teburin ƙwallon tebur kuwa aji guda ya ishe shi. Waɗannan duk za su shiga cikin harabar makarantar 'yan mata ba tare da an nemi sabon fili ba. Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi na jihar suna yaye masu ilimin motsa jiki da lafiya, sai a ware tallafi na musamman ga 'yan asalin Rano da Kibiya da Bunkure da za su karanta fannin su dawo gida su koyar. A makarantun da ake cuɗanya a raba ranaku, mata su samu nasu yammacin su kaɗai.

Na huɗu, kuɗin ya fito daga sama. A duba abin da ake kashewa a kan rumfuna da kujeru da kyaututtukan manyan baƙi irina a bikin rana ɗaya, da abin da ke tafiya a gasannin kofin shugabannin ƙananan hukumomi da ba a tunawa da su sai zaɓe ya ƙarato, da kason ƙwallon manya a kasafin wasannin jiha. Ko kashi kaɗan aka yanko daga nan zai sayi raga da ƙwallaye na shekara guda ga makarantu da dama. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na biyar, a sa masarauta da malamai a gaba. Dokar 2024 ta sanya Rano da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashin Masarautar Rano, kuma kofin 'yan mata da zai fito daga fadar Autan Bawo, a buga shi a rufaffen wuri, alƙalai mata, 'yan kallo iyaye mata, zai kwantar wa iyaye hankali fiye da kowace takardar umarni daga Kano. Limamai da malaman Islamiyya su zauna da ƙungiyoyin iyaye da malamai su tsara sutura da lokaci, yadda wasa ba zai ci karo da karatun yamma ba.

Kafin mu rabu na roƙi abokina abu guda, ya kuma yi mini alkawari: ya mayar da yaran da ya sallama, ya rubuta wa masu agajin gaskiyar adadin 'yan matansa ko da za su janye kayansu, sannan ya ware musu yammacin Laraba a bayan azuzuwa tare da malamar da yake da ita. Na ce masa kuɗin raga da ƙwallaye biyu a wuyana. Wannan aikin makaranta ɗaya ne, ga kuma ɗaruruwa irinta daga Rano har Doguwa. Duk wanda ke karanta wannan shafi yana da makarantar da ta yaye shi a wani ƙauye, kuma zai iya zuwa ya tambayi shugabanta inda 'yan mata ke wasa, da sunayen yaran da aka ce su koma gida. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.